Yadda Mutari Ja-ka-tura Ya Buɗe Su

Ranar da Mutari ya dawo Haɗeja daga Ikko, mota ba ta gama tsayawa a tasha ba ya fara gargaɗin kwandasta a kan wani dogon baƙin akwati, wai abin da ke cikinsa ya fi motar da direbanta daraja. Da aka taru ya buɗe, sai ga wani ƙahon tagulla mai baki kamar mazurari, da doguwar sanda lanƙwasasshiya wadda ake ja ana turawa. Ya ce Turawa turumbon suke kiransa, shi kuwa a Ikko ba mai kiransa da sunan yanka, sai dai Mayestiro. 'Yan tasha suka gwada sunan biyu a bakinsu suka ji ba su zauna ba, suka raɗa wa ƙahon Ja-ka-tura. Kafin la'asar sunan ya tsallaka daga ƙahon ya hau kan mai shi.

Gaskiyar magana, shekarun da Mutari ya yi a Ikko, lasifika ya yi ta ɗauka wa wata ƙungiyar makaɗa, yana goge musu kayan busa. Ƙahon ma wani tsohon mabushi ne ya bar masa da zai daina sana'a, don sandar ta ɗan karkace tana cijewa. Amma a majalisar mai shayi labarin ya sake kama. A can Mutari ya yi busa a gaban jakadun ƙasashe, ya buga faya-fayan da ba su ƙirguwa, ya koyar da mabusan da yanzu suke Amurka suna kuka idan an ambaci sunansa. Ya ce ya dawo gida ne don tausayi, ya ga Haɗeja tana da shinkafa, tana da kifi, amma ba ta da jaz.

Yayarsa Yagana dillaliyar bandar kifi ce, mace mai jiki da murya, wadda tun yana rarrafe ta san iyakar ƙaryarsa. Tana da shago a jikin gidanta inda take tara kifi in lokacin su, wato kamun kifi na gayya, ya zo. Mutari ya yi ta zarya har ta ara masa, bisa sharaɗin ranar da aka buɗe su, ranar zai kwashe komatsansa. Ya ce mata kafin wannan rana ita da kanta za ta roƙe shi ya zauna, don darajar da zai jawo wa unguwa.

Ta ce, "Kai dai ka bar min ƙofar a jikinta, Mai Tsiro."

Ya gyara mata, ya ce Mayestiro ne. Ta ce ai abin da ta faɗa ke nan.

Ya sa aka rubuta allo da jan fenti, Makarantar Jaz da Sutudiyo, ya kafa a bakin titi. Washegari da hantsi ya tarar da mutane sun yi layi, har da masu tabarma. Ya koma ciki ya sa kwat, ya fito yana tafiyar ƙasaita. Abin da bai lissafa ba shi ne, duk wanda ya taɓa zuwa cirani kudu ya san can asiri suke kira jaz. Na farko ya raɗa masa cewa maganin ƙarfe yake so. Na biyu takarar kansila zai tsaya, yana neman farin jini. Wata tsohuwa kuwa akuyarta aka sace, tana so a kumbura cikin ɓarawon, amma kada a kashe shi, don tana zargin jikanta ne.

Mutari ya hau benci ya yi musu dogon bayani, cewa jaz kiɗa ne na manyan masu ilmi, ya ɗauko ƙahon ya busa musu misali. Tsohuwar ta naɗe tabarmarta, ta ce in dai wannan ne, gara ciwon sata. Layi ya watse, sai mutum ɗaya ya rage, wani masunci mai faɗin ƙirji da ake kira Ya'u, daga wani ƙauye da ke hanyar Baturiya. Shi Ya'u ya ƙudurta a ransa cewa malamin ɓoye sirri yake yi saboda idon jama'a, kuma mai haƙuri shi zai samu.

Haka Ya'u ya zama ɗalibin makarantar, shi ne na ɗaya a aji, shi ne na ƙarshe. Mutari bai yarda ya taɓa ƙahon ba. Ya ce sai leɓe ya nuna tukuna, ya sa shi ya riƙa haɗa leɓɓansa yana furzar da iska kamar doki, safe da yamma, a tsaye da a zaune. Ya'u ya riƙe darasi da gaske. Yana yi a kan babur, yana yi a kasuwa, yana yi a bakin tabarmar cin tuwo. Matarsa ta yi haƙuri har ta gaji, ta aika aka kira mai ruƙya. Da Ya'u ya kawo ƙara, Mutari ya ce haka manyan mabusa duk suka fara, shi ma a Ikko an taɓa ɗaure shi.

Sai aka zo kan buga faifai. Mutari ya bi masu shayi ya tattaro kwalayen ƙwai ya manne bango da su, ya jingine tsohuwar katifa a ƙofa, ya ce yanzu ko sauro ba zai shigo da ƙara ba. Ya ɗauko Haris, mai rumfar cajin waya da tura waƙoƙi a bakin kasuwa, ya naɗa shi injiniya. Haris ya zo da kwamfutarsa ya zauna, gumi yana zuba, ƙarnin tsohon kifi yana tashi daga ƙarƙashin kwalaye, kyanwoyin unguwa suna zagaye shagon kamar masu jiran sadaka.

Matsala ɗaya ce. Maƙwabcin Yagana yana da jaki a ɗaure a bayan katanga, kuma duk lokacin da Mutari ya busa, jakin sai ya amsa. Aka ɗauka, aka sake, aka kuma sakewa. Da yamma Haris ya kunna musu abin da aka samu. Mutari ya lumshe ido yana kaɗa kai, Yagana tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya. Da aka zo wani wuri inda sautin ya yi sama ya karye ya dawo yana rawa, Mutari ya ɗaga hannu ya ce a tsaya. Ya ce su saurara da kyau, wannan gaɓar ita ce wadda ta sa wani jakada zubar da hawaye, kuma duk Afirka mutum biyu ne suka iya ta, ɗayan ya rasu.

Haris ya duba kwamfuta, ya sosa ƙeya, ya ce, "Oga, nan fa kana shan ruwa. Jakin ne."

Yagana ta jingina da bango don kada ta faɗi. Mutari bai ko ƙifta ido ba. Ya ce a jaz babu kuskure, kuma ba ƙaramin malami ne zai koyar da jaki ta bayan katanga ba. Yagana ta ce to a rubuta sunan jakin a jikin faifan, don shi ya fi ƙoƙari.

Daga ranar ya daina maganar sutudiyo, ya ce bango yana matse masa sauti, irin busarsa sai a sarari, a kan ruwa. Ya ba da labarin wata rana da ya yi busa a bakin tekun Ikko, kifaye suka taso suka jera kawunansu a saman ruwa suna saurare, har wani babba ya biyo shi zuwa bakin titi. Kowa a majalisa ya yi dariya, ban da Ya'u. Shi ya ji abin da ya daɗe yana jira.

Ya'u ɗan ƙanwar Sarkin Ruwan garinsu ne. Suna da wani babban tafki da ambaliya ke cikawa kowace damina, kuma ba a jefa ko ƙugiya a cikinsa sai ranar su, ranar da masunta ke zuwa daga ko'ina a shiga gaba ɗaya. A bana an gayyaci ciyaman na ƙaramar hukuma ya zo ya buɗe, shi kuma ya yi alkawarin sabon babur ga wanda ya kama kifi mafi girma. Ya'u ya je ya dami kawunsa da batun malaminsa mai kiran kifi. Sarkin Ruwa, dattijo mai ƙarancin magana, ya ce shi bai taɓa ganin kifi mai kunne ba, amma biki ba ya ƙin hayaniya, a zo da shi. Sharaɗi ɗaya ya kafa, ya kuma maimaita wa Mutari baki da baki: ba mai busa komai sai ciyaman ya iso, shi Sarkin Ruwa ya busa ƙahonsa na gado, domin wannan ƙahon shi ne alamar shiga ruwa.

Mutari ya ce wannan ƙaramin abu ne, shi da ya yi aiki da fadar shugabanni. Hankalinsa yana can wani wuri. Ya riga ya tsara cewa zai tsaya a cikin kwalekwale a tsakiyar tafki, ya yi busa a gaban ciyaman, Haris ya ɗauka kai tsaye, faifai ya fita. Daga nan ciyaman ba shi da zaɓi sai ya naɗa shi shugaban koyar da kiɗa na duk makarantun ƙaramar hukuma, da ofis da mota. Yagana ta tuna masa cewa tun yana yaro ko kwatami ba ya tsallakawa sai an riƙe masa hannu. Ya ce wannan da ne, a Ikko da iyo yake zuwa aiki in hanya ta cushe.

Ranar su, tun da sassafe bakin tafki ya cika. Masunta sun kewaye shi ta kowace kusurwa, kowa da homarsa, wato ragar kamun kifi, da gorarsa, ƙafa ɗaya a tudu ɗaya a laka. An kafa rumfa da kujeru, an ɗaura manyan lasifikoki a kan itatuwa. Yagana da sauran dillalai suna gefe da kwandunansu. Mutari ya iso cikin baƙar kwat da baƙin tabarau, da wani ɗan lakataye mai kama da malam-buɗe-littafi. Ya yi ta faɗa da mai lasifika har aka yarda aka haɗa makirfonsa marar waya da na taro. Ya ɗaure makirfon a bakin ƙahon da roba, ya zaunar da Haris a rumfa kusa da na'ura, ya shiga kwalekwale, Ya'u ya tuƙa shi zuwa tsakiya.

Ciyaman bai zo ba. Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo, mai gabatarwa yana ta cewa mai girma yana hanya. Kifi yana juyi a saman ruwa, masunta suna kallo suna haɗiyar yawu, duk wanda ya matsa gaba dogaran Sarkin Ruwa su mai da shi baya. Mutari kuwa yana tsaye a cikin kwat yana dahuwa, ga dubban idanu a kansa, ga ƙaho a hannu. Abin ya fi ƙarfinsa. Ya ce wa Ya'u tagulla tana sanyi in ta daɗe ba a busa ba, dole ya ɗan ɗumama ta.

Ya'u ya ce, "Malam, Kawu fa ya ce ko tari kada a yi da ƙarfi."

Mutari ya ɗauki ɗan ƙoƙon kwarfar ruwa ya kifa a bakin ƙahon. Ya ce wannan dabarar manya ce, da ita ake busa a gefen jariri yana barci bai motsa ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa Haris alama ya kashe na'ura. Haris ya hango hannu yana sama, ya fahimci a ƙara, ya murɗa har ƙarshe.

Mutari ya cika kumatu ya busa. Ƙoƙon ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Abin da ya fito daga lasifikokin nan wani dogon ruri ne mai kauri, wanda ya tashi tsuntsaye daga cikin ciyawar kacalla ya ratsa har ƙauyen gaba. A duk rayuwarsa bai taɓa fitar da sauti mai kyau irin wannan ba, kuma bai yi kama da komai ba sai ƙahon Sarkin Ruwa.

Tafki ya tsage. Masunta suka zubo ta gabas da yamma, kudu da arewa, da gudu da ihu, homa a sama. Sarkin Ruwa ya miƙe a rumfa, ya dubi ƙahonsa da ke kan cinyarsa, ya juya shi, ya leƙa cikinsa. Ya fita yana ɗaga hannu a koma, amma wa zai mai da ruwan da ya ɓalle? Dogaransa ma da suka ga abin ya wuce gyara, suka yar da sanduna suka ɗauki homa.

Mutari ya ga duniya ta nufo shi. Ya so ya busa musu su tsaya, sandar ta cije, ya tura da ƙarfi, ta fice fit ta tafi ta nutse. Daidai nan wani ƙaton kifi, giwan ruwa, ya yi juyi a gefen jirgi. Ya'u ya zaro homar da ya ɓoye a ƙarƙashin tabarma, ya ce, "Malam, ya amsa kira," ya yi tsalle. Jirgin ya karkata, mutane suka bangaje shi, ya kife.

Ruwan wurin iyakarsa ƙirji. Amma Mutari bai tsaya aunawa ba. Ya rungume abin da ya rage na ƙahon, bakinsa dab da makirfo, kuma kafin ruwa ya kashe na'urar, duk wanda ke wurin ya ji muryarsa daga saman itatuwa:

"Yaya Yagana! Wayyo Yaya Yagana, ki ce su ciro ni, ban iya ruwa ba, wallahi ban taɓa iyawa ba!"

Yagana ta ji. Ta gyara ɗaurin zaninta ta ci gaba da cinikin tarwaɗa.

Wani tsohon masunci mai suna Gwadabe, wanda idonsa ya fara rauni, ya ji abu mai nauyi yana mutsu-mutsu a gabansa. Ya yi bisimilla ya kifa masa homa, ya danne, ya kira 'ya'yansa su taya shi. Haka aka jawo Mayestiro zuwa tudu, kansa a cikin raga, takalmi ɗaya, laka har cikin kunne.

Sai da ruwa ya koma kunu, mata suka fara farke cikin kifi, sannan aka ji jiniya. Ciyaman ya fito daga mota da jawabin buɗe taro a hannu, ya tarar ana daf da rufewa. Sarkin Ruwa ya yi masa bayani a taƙaice, yana nuna Mutari da haɓa. Ciyaman ya so ya yi fushi, amma bai samu dama ba, domin a lokacin Gwadabe ya iso gaban sikeli yana jan kamunsa ta kwalar kwat. Ya ce an yi shela cewa wanda ya fitar da mafi girma da homa shi ke da babur, kuma shi da homa ya fitar da wannan, jama'a shaida ne, a ɗora.

Aka yi ta gardama. Wasu suka ce ba kifi ba ne. Gwadabe ya ce daga ruwa ya fito, kuma ya ji yadda yake santsi. Wani ya ce ai yana magana, Gwadabe ya ce tarwaɗa ma tana gurnani. Mutari yana ta cewa shi babban mutum ne a sake shi, 'ya'yan Gwadabe suka ce ai girman ne ake so a auna. Suka zaunar da shi a cikin kwando suka rataya a ƙugiyar sikeli, yana lilo, ruwa yana ɗiga daga aljihunsa. Ciyaman ya zauna a kujera ya rufe fuska da jawabinsa, kafaɗunsa suna rawa.

Sarkin Ruwa ne ya raba gardama. Ya ce tun kakanninsa ba a taɓa lissafa abin da ke sa lakataye a cikin kifi ba. Aka sauke Mutari, aka ɗora giwan ruwan Ya'u, shi ya ci babur. Ya'u ya karɓi makulli, ya karɓi makirfon taro, ya shaida wa duniya cewa duk wannan aikin malaminsa ne, busa ɗaya ya yi kifin ya zo da kansa, wanda ya ce jaz ƙarya ne bai gwada ba.

Mutari ya ga ƙofa ta ɗan buɗe. Ya gyara kwat, ya matsa gaban ciyaman, ya fara bayanin shirinsa na makarantu. Ciyaman ya ce to a ɗan busa masa ya ji. Mutari ya ɗaga guntun ƙahon ya kai baki, laka ta zubo, wani ɗan kwaɗo ya biyo ta ya dira a kan teburin manyan baƙi. Ciyaman ya ce makarantun suna da isassun matsaloli. Sarkin Ruwa kuma ya yanke cewa daga yau Mutari ba zai sake zuwa bakin tafkin nan da wani abin da ake busawa ba, ko da usur ne, in shayi aka ba shi ma ya jira ya huce da kansa.

A bayan motar Yagana ya koma Haɗeja, zaune a kan kwandunan kifi. Suna isa ta miƙa hannu, ya ba ta makullin shago.

Haris dai bai yi asarar ranarsa ba. Ya yanko rurin nan da kiran Yaya Yagana, ya sa musu ɗan kiɗa a ƙasa, ya fara tura wa mutane a waya. Kafin kasuwar Lahadi ta ci, abin ya kai Malam Madori, ya kai Miga. 'Yan acaɓa suna kunnawa, 'yan mata suna rerawa a wajen ɗibar ruwa. Mutari ya yi kwanaki bai fito ba, sannan ya bayyana a majalisa da tabaransa. Ya tambaye su ko sun taɓa jin mabushin da ya tashi dubban mutane da busa ɗaya, ko faifan da ya zagaye masarauta ba a kashe ko sisi a talla ba. Ya ce kukan ma da gangan ya yi, salo ne, sai mai ilmin jaz zai gane. Abin da ya rage kawai ya koma sutudiyo ya buga na biyu.

Da yamma ya je ya tsaya a jikin katangar Yagana, ya ciro waya ya kira ta, don ya fi jin ƙarfin roƙo in ba ta kallonsa. Yana kara wayar a kunne, sai ya ji muryarsa ta tashi daga tsakar gida tana kururuwa a ciro shi bai iya ruwa ba, ashe ita Yagana ta sa a matsayin ƙarar wayarta. Yagana tana zaune a gaban murhun banda, wayar tana gefenta a kan tabarma. Ta dubi sunan mai kira, ta juya kifinta, ta bari ya roƙe ta har ƙarshe.